Hayaƙin da Ruwan Sama Bai Isa Ya Wanke Ba



Duk lokacin da labarin gobarar daji ya zo mana daga Ostireliya ko Kanada ko Amurka, lissafin da muka saba ji ɗaya ne: rayuka nawa aka rasa, gidaje nawa suka ƙone, hekta nawa wuta ta lashe. Da zarar wutar ta mutu, masu ɗaukar hoto su naɗe kayansu, labari ya bi ruwa. To, sharhinmu na yau hayaƙin zai bi. Domin a shekarun nan masana sun tabbatar da cewa akwai gobarar da idan ta ƙasaita, hayaƙinta kan haye can ƙololuwar sama ya share wata da watanni, yana taɓa zafin duniya, yana kuma taɓa lemar da Allah Ya shimfiɗa mana ta kare mu daga mugun hasken rana.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne gobarar Ostireliya ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020. Ƙasar tana kudancin duniya, saboda haka a watannin Disamba da Janairu, lokacin da muke lulluɓe saboda sanyin hunturu, su can a tsakiyar zafi suke. Shekarar 2019 kuwa ita ce mafi zafi kuma mafi ƙarancin ruwan sama tun da aka fara ajiye lissafi a ƙasar. Ranar 18 ga Disamba, matsakaicin zafin rana a faɗin ƙasar baki ɗaya ya kai digiri 41.9. Yawancin dazuzzukansu na itacen turare ne, irin wanda ake dasawa a bakin tituna da harabar makarantu a garuruwanmu, kuma ganyensa maiƙo gare shi, yana ganin wuta yake kamawa. Daji ya bushe ƙayau, ga iska, ga zafi. Tartsatsi kawai ake jira.

Safiyar 31 ga Disamba, a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Mallacoota a jihar Victoria, mutane wajen 4,000, mazauna da 'yan yawon hutu, suka taru a gaɓar ruwa domin wuta ta datse hanyar fita. Da hantsi gari ya yi baƙi ƙirin, sai da fitila ake ganin juna. Can anjima sama ta rikiɗe ta yi ja jawur, toka da ƙonannun ganyaye suna zubowa a kan mutane. Daga baya jiragen ruwan soja ne suka kwashe da yawa daga cikinsu. Kwana ɗaya kafin nan, kusa da garin Jingellic, wata guguwa da wutar ta haifa ta ɗaga motar kashe gobara mai nauyin tan da dama ta kifar da ita, wani ɗan sa-kai ya rasa ransa. Kafin wutar ta lafa, mutum 33 sun mutu a cikinta kai tsaye, gidaje kimanin 3,000 sun ƙone, ta kuma cinye wajen hekta miliyan 24, kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Nijeriya.

Me ya mayar da rana dare a Mallacoota, me ya kifar da waccan mota? Wuta ce ta haɗa hadarinta da kanta. Mun san yadda hadarin damina ke haɗuwa: rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima ta tashi, ta huce a sama, tururinta ya dunƙule ya zama gajimare. Babbar gobara kan karɓi aikin rana, ta yi shi ninkin ba ninkin. Zafinta kan tunkuɗa iska sama da gudu, ɗauke da hayaƙi da toka da tururin itacen da ke ci. Idan wannan ginshiƙi ya isa inda sanyi yake, tururin ya kwanta a jikin ƙwayoyin hayaƙi ya zama ruwa da ƙanƙara, wannan kuma ya saki wani zafin da zai ƙara cilla shi sama. Kafin ka ankara hadari ya tsaya a kan wutar, gindinsa ruwan toka mai datti, kansa fari fat ya baje.

Hadarin wuta ke nan. Yana da tsawa, yana da walƙiya, amma marowaci ne wajen ruwa. Ƙwayoyin hayaƙin sun yi yawa, ruwan ya rarrabu a kansu, kowane ɗigo ya yi ƙanƙantar da ba zai iya faɗowa ba. Sai aradu ta sauka a busasshen daji, kilomita da dama a gaban wutar, ta kunna sabuwa. Iskar da ke saukowa daga hadarin ta watsa garwashi ko'ina, ta juya akalar wutar ba zato ba tsammani. 'Yan kwana-kwana sun san idan wannan ya tashi, an bar maganar kashe wuta, an koma ta tsira da rai.

Yanzu sai mu ɗaga kai. Sararin sama hawa-hawa ne. Hawa na farko, wanda muke rayuwa a cikinsa, tsayinsa kilomita 8 ko 9 ne a ƙuryar arewa da ta kudancin duniya, a yankinmu mai zafi kuwa yakan kai 16 ko 17. Gajimare, ruwan sama, hazo, guguwa, duk a nan suke. Hayaƙin da ya tsaya a wannan hawa kwanansa kaɗan ne. Cikin kwanaki ko makonni ruwa zai wanke shi, ko ya sauko da kansa. Hawa na biyu, wanda masana ke kira sitiratosfiya, ya miƙe har kusan kilomita 50. Can a bushe yake, babu hadari, babu ruwan sama, iskarsa ma ba ta cika hautsinawa sama da ƙasa ba. Duk abin da ya shiga nan ya samu wurin zama.

A da an ɗauka dutse mai aman wuta ne kaɗai ke da ƙarfin huda wannan rufi. Har idan taurarin ɗan'adam suka hango wani hazo a can, sai a shiga neman dutsen da ya fashe. A ƙarshen shekarun 1990 ne Michael Fromm na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka da abokan aikinsa suka bi sawun irin wannan hazo, sawun ya kai su gobarar dazuzzukan Kanada. Tun daga nan aka fara sa wa hadarin wuta ido.

Tsakanin 29 ga Disamba 2019 da 4 ga Janairu 2020, gomman irin wannan hadari suka tashi a kudu maso gabashin Ostireliya, suka zuba hayaƙi kimanin tan miliyan ɗaya a hawa na biyu. Hayaƙin da ya tsaya ƙasa-ƙasa kowa ya gan shi: ranar 5 ga Janairu sararin birnin Auckland na ƙasar New Zealand, nisan sama da kilomita 2,000, ya koma ruwan goro da rana tsaka, ƙanƙarar da ke kan tsaunukan ƙasar ta yi ruwan ƙasa, hayaƙin ya ƙetare tekun Fasifik ya isa Chile da Ajantina. Kafin tsakiyar watan, hukumar NASA ta ce ya zagaye duniya.

Na saman kuwa wani abu ya yi da ya ba masana mamaki: ci gaba ya yi da hawa. Wanda ya taɓa sa baƙar riga ya shiga ranar watan Afrilu ba ya bukatar dogon bayani. A cikin hayaƙin akwai kunkunniya, baƙa ce, tana shan hasken rana, ta ɗumama iskar da ke kewaye da ita, iskar ta yi sauƙi ta ɗaga, ta tafi da hayaƙin. Masu bincike a Faransa ƙarƙashin Sergey Khaykin sun bi wani dunƙule guda na wannan hayaƙi, mai faɗin kusan kilomita 1,000, wanda ya riƙa juyawa a kan kansa bai watse ba har mako 13. Ya yi tafiyar kilomita 66,000, ya haye har kilomita 35, wato ninki uku na tsayin da jirgin fasinja ke bi.

To me hayaƙi ke yi idan ya zauna a can? Na farko, yana ɗumama saman, yana ɗan sanyaya ƙasa, domin hasken da ya sha ko ya mayar bai iso mana ba. Ɗumin da aka auna a wannan hawa a farkon 2020, rabon da a ga irinsa tun fashewar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a watan Yunin 1991. Shi Pinatubo ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Sanyin da hayaƙin Ostireliya ya kawo bai kai ko kusa da haka ba. A lissafin masana bai cika kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, kuma bai daɗe ba. Kada wani ya ji an ce sanyi ya ɗauka gobara ta yi mana rana. Wannan wuta ta saki iskar kabon dayoksaid kimanin tan miliyan 715, fiye da abin da motoci da masana'antu da tashoshin lantarkin ƙasar ke fitarwa a shekara guda. Hayaƙi watanni yake yi ya tafi. Iskar kabon kuwa, in ban da wadda sabon tohon daji zai zuƙe, zamanta na ɗaruruwan shekaru ne.

Na biyu, kuma wanda ya fi tayar da hankali, maganar ozon. A hawa na biyun nan iskar ozon take, yawancinta tsakanin kilomita 15 zuwa 35. Ita ce ke tace wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani, amma yana jawo sankarar fata da yanar ido, yana kuma naƙasa tsiro. A 1985 masu binciken Birtaniya suka bayyana cewa wannan lema ta huje a saman Antatika. Masu laifin su ne sinadaran CFC da a lokacin ake ɗurawa a firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi. Idan suka hau sama rana ta fasa su, sai su saki kulorin, ƙwayar kulorin guda kuwa tana iya hallaka dubban ƙwayoyin ozon. A 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal domin daina yin waɗannan sinadarai, kuma babu ƙasar da ba ta shige ta ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Janairun 2023 ya ce idan aka ɗore, lemar za ta warke a yawancin duniya wajen 2040, a saman Antatika kuma wajen 2066.

Sai dai kulorin ɗin da aka riga aka aika sama yana nan, sai ya yi shekaru gommai kafin ya ƙare. Sa'ar da aka yi, yawancinsa a ɗaure yake cikin wasu sinadarai da ba sa taɓa ozon. Abin da aka sani a da, ba ya kwancewa sosai sai a tsananin sanyi, inda wasu gajimare na ƙanƙara ke haɗuwa a wajen digiri 78 ƙasa da sifili, kamar a saman Antatika. Wadda ta warware wannan a 1986 ita ce Susan Solomon. Ita ɗin ce dai, yanzu tana jami'ar MIT a Amurka, ta jagoranci binciken da mujallar Nature ta buga a watan Maris na 2023, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin hayaƙin gobara na iya kwance wannan kulorin ba tare da an kai wancan sanyi ba. Sinadarin da kulorin ke ɗaure a ciki kan narke a jikin ƙwayoyin hayaƙin, daga nan ya kuɓuce ya far wa ozon. Binciken ya ce hayaƙin Ostireliya ya rage ozon da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a saman Ostireliya da New Zealand da wasu sassan kudancin Afirka da Kudancin Amurka, ya kuma faɗaɗa hujin Antatika na 2020 da murabba'in kilomita miliyan 2.5. Wannan ya zarce faɗin Nijeriya da Nijar a haɗe.

Na uku, teku da damina. A watan Mayun 2023 John Fasullo da abokan aikinsa a cibiyar nazarin sararin sama ta NCAR a Amurka suka fitar da lissafin kwamfuta da ya nuna cewa hayaƙin da ya bi ƙasa-ƙasa ya ƙara wa gajimaren da ke kan teku daura da ƙasar Peru haske, suka riƙa mayar da hasken rana, ruwan tekun ya huce, hakan ya taimaka wajen tunkuɗa tekun Fasifik cikin yanayin da ake kira La Niña. Wannan yanayi ya share shekara uku a jere, daga 2020 zuwa farkon 2023, abin da ba kasafai ake gani ba. A cikin waɗannan shekaru ne damina biyar a jere ta gaza a Somaliya da sassan Habasha da Kenya. A yankinmu na Sahel kuwa La Niña ta fi zuwa da ruwa mai yawa, shi ya sa masu hasashen damina, har da hukumar NiMet, sukan duba halin da tekun Fasifik ke ciki kafin su faɗa wa manomi abin da zai tarar. Damina da fari dalilansu da yawa, hayaƙi ɗaya ne daga ciki, amma ya isa ya nuna mana cewa wutar da ta ci a wancan ɓangare na duniya tana iya shiga lissafin manomin Maraɗi ko na Daura.

Da a ce Ostireliya ce kaɗai, da sai mu ce tsautsayi ne na shekara guda. Ranar 12 ga Agusta 2017 hadarin wuta ya tashi a lardin British Columbia na Kanada, hayaƙinsa ya haura daga kilomita 12 zuwa 23 cikin wata biyu, ya zauna sama da wata takwas. Masu nazarin yaƙin nukiliya ma sun sa ido a kansa, domin tun farkon shekarun 1980 masana irin su Paul Crutzen da Carl Sagan suka yi gargaɗin cewa hayaƙin biranen da bam ya ƙona zai iya rufe rana ya kashe amfanin gona a duniya. Hayaƙin Kanada ya nuna a zahiri yadda kunkunniya ke ɗaga kanta ta daɗe a sama. A 2023 Kanada ta sake ci da wuta, wajen hekta miliyan 15, da hadarin wuta sama da 100 a shekara guda, har ranar 7 ga Yuni sararin birnin New York ya yi ruwan goro. Masu binciken NASA sun ce kabon ɗin da wutar ta saki ya fi abin da kowace ƙasa ke fitarwa a shekara daga man fetur da gawayi da iskar gas, in ban da Sin da Amurka da Indiya. Wani nazari na 2024 kuma ya gano cewa gobarar daji mafiya tsanani sun ninka fiye da sau biyu tsakanin 2003 da 2023.

Wani mai sauraro zai ce, mu fa, da muke ƙunar daji kowane rani? Gaskiya ne, taurarin ɗan'adam sun nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka take. Amma tamu wutar ciyawa ce, ta mafarauta da masu sharar gona da masu neman sabon toho, tana ci da sauri ta mutu, ba ta da makamashin da zai huda rufin sama. Hayaƙinta a ƙasa yake tsayawa, ya gauraya da ƙurar hunturu. Illarta a ƙirjin yara da tsofaffi take, da ƙasar noma, da abincin dabbobi. Wannan ma ba ƙaramar asara ba ce, sai dai wata magana ce daban.

Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan. Yarjejeniyar Montreal ta yi nasara ne domin ana iya zama da mai masana'anta a ce masa ya daina, ya kuma daina. Daji bai sa hannu a Montreal ba. Muddin duniya na ƙara zafi, fari zai ƙara tsawo, dazuzzuka su ƙara bushewa, hadarin wuta ya ƙara yawa, hayaƙinsa ya riƙa tarar da tsohon kulorin a sama yana kwance shi. Matsaloli biyu da aka saba tattaunawa a zaure daban-daban, ɗumamar yanayi da hujin ozon, ga shi hayaƙi ya haɗa su wuri guda. Ranar warkewar da aka yi mana alkawari, 2040 ko 2066, yanzu ta rataya har da yadda manyan ƙasashe masu fitar da iskar kabon za su cika nasu alkawarin.

Akwai kuma idon da muke gani da shi. Yawancin abin da aka sani game da wannan hayaƙi ya fito ne daga taurarin ɗan'adam da suka tsufa. SCISAT na Kanada tun 2003 yake sama, Aura na NASA tun 2004, CALIPSO kuwa ya daina aiki a 2023. Ƙasashen da ke da hali ya kamata su aika magadansu kafin wata babbar wuta ta tashi babu mai aunawa.

A ƙasa ma akwai abin yi. A yankin Arnhem na arewacin Ostireliya, tun 2006 'yan asalin ƙasar suka farfaɗo da dabarar kakanninsu ta ƙona ciyawa kaɗan-kaɗan a farkon rani tun tana da sauran laima, domin kada ta taru ta zama makamashin babbar wuta a ƙarshen rani, kuma an ga amfanin haka. Mu kuma namu hannun a firiji da na'urar sanyaya ɗaki yake. Gas ɗin R-22 da har yanzu ake ɗura wa tsofaffin na'urori a shagunan gyara yana ɗauke da kulorin, kuma ƙasashe masu tasowa sun yi alkawarin rabuwa da shi zuwa 2030. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013. Mai gyaran da ya buɗe bututu ya bar gas ya tsiyaye a iska, ya sani ya ƙara wa hayaƙin gobe abin da zai kwance. Hukumomi su horar da masu gyara, su samar masu da kayan tara tsohon gas, su kuma tsare tashoshin jiragen ruwa kada a mayar da ƙasashenmu jujin na'urorin da wasu suka gaji da su. Hausawa dai sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.